Kamu Guda a Ƙafar Baya

Ni fa ban iya babur ba, ban kuma taɓa sha'awarsa ba. Kekena ya ishe ni zuwa makarantar da nake koyarwa, ya dawo da ni gida lafiya. Abin da ya jefa ni cikin maganar babur shi ne ina da suruki, kuma bakina bai iya ce masa a'a ba.

Baba, mahaifin matata, tsohon tela ne. Ido ya raba shi da allura, ya bar wa wani shagon, amma bai bar zuwa layin teloli ba. Kullum da hantsi sai ya goge babur ɗinsa da tsumma, ya ɗaura hular kwano, ya tafi ya zauna a bencin tsofaffin abokansa yana kushe ɗinkin yaran zamani har rana ta take. Tun da Mama ta rasu wannan fitar ce kaɗai ta rage masa, kuma kowa a gidan ya san haka.

To, wata safiya a danjar babban titi, fitila ta ba da hannu, Baba ya murɗa totur ya saki kuloci gaba ɗaya. Babur ya miƙe tsaye da ƙafar gaba a sama, ya juye shi a gaban wata motar burodi. Allah ya taƙaita, gwiwar hannu ce kawai ta sale, sai wando da ya yage a cinya. Wandon ya fi ba shi haushi, don shi ya ɗinka abinsa.

Matata ita ce babba a gidansu, kuma ba a banza ƙannenta suke kiranta Gwamnati ba. Kafin la'asar ta tara su duka a falon Baba, har da ni da aka ajiye a kujerar bakin ƙofa kamar mai jiran canji. Ta ce ita ba za ta zauna tana jiran ranar da za a kira ta daga asibiti ba, uba ɗaya ya rage musu, babur ya gama aiki. Ta miƙa hannu ta ce a ba ta makulli.

Baba ya ƙeƙasa ƙasa. Ya ce yana hawa babur tun ita ba ta san hannun damarta ba, kuma duk mai ido ya ga cewa laifin na babur ne: an ƙera shi gajere ta baya, shi ya sa yake ɗaga kai. Aka yi ta ja, ƙannen suna kallon silin, ni ina kallon takalmina. Daga ƙarshe aka tsaya a kan sharaɗi. Makulli zai zauna a jakarta har Asabar ta sama, kafin nan gwiwar ta warke. Ranar, Baba zai hau daga ƙofar gida zuwa ƙarshen layi, ya juyo ya dawo a gaban kowa. In ƙafar gaba ba ta bar ƙasa ba, kuma ya tsaya lafiya, makulli nasa ne, babu mai sake tayar da maganar. In aka samu akasi, babur ya tafi ke nan.

Na ɗauka an gama, ashe da ni za a fara. Washegari ina tashi daga makaranta na tarar da Baba a bakin get, a tsaye, da igiyar awonsa rataye a wuya. Ya ce ya yi bincike. Akwai wasu samari da ke wucewa ta layin teloli da babura masu dogon baya, ya tsayar da ɗaya ya tambaye shi, yaron ya ce in aka ƙara wa ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe da tayar baya tsawo, ko an saki kuloci da ƙarfi gaba ba ya tashi. Baba ya ce shi ke nan, an gano ciwon. Abin da ya rage kawai a kai babur gareji, kuma tunda babu makulli, sai an tura.

"Ai ka ga, Malam, kai ne mai sauran ƙarfi," in ji shi. "Ita kuma Gwamnati ba sai an dame ta ba, aiki ya yi mata yawa."

Da a ce wani ne, da na ce ina da jarrabawar yara da zan duba, don kuwa ina da ita. Amma na ji bakina yana cewa to, Baba, babu komai.

Duk wanda bai taɓa tura babur a rana ba, kada ya yi mini maganar wahala. Garejin yana bayan kasuwar katako, hanyar kuma hawa ce kusan dukanta. Ni ina gaba ina haki, rigar koyarwata ta jiƙe sharkaf, Baba yana biye da ni hannu a baya, yana gaya mini in kula da madubi, in daina jan birki, in miƙe bayana don a haka ake samun ƙusumbi. A hanya muka haɗu da iyayen ɗalibaina har gida biyu, suka gaishe ni da ladabi suna kallon ƙasa, na san kuma dariya suke ɓoyewa.

Bakaniken, Ba-Matsala ake ce masa, kuma ba sai na faɗi dalili ba. Garejinsa rumfar kwano ce, ƙasa ta yi baƙi ƙirin da mai, tsofaffin tayoyi jibge a kusurwa, ga mai walda a maƙwabtaka yana ta feshin tartsatsi. Ya saurari Baba yana gyaɗa kai, ya durƙusa ya duba ƙarfen, ya ce ba matsala. Ya ce don hawan titi ɗan kaɗan ake ƙarawa, kamar faɗin yatsu uku zuwa huɗu. Waɗancan masu dogon sosai na 'yan tsere ne, su miƙaƙƙiyar hanya kawai suke bi.

Nan fa telan da ke cikin Baba ya farka. Ku sani, Baba bai taɓa yanka yadi daidai jikin mutum ba a rayuwarsa. Ko dattijo mai furfura ya kawo masa ɗinki, sai ya bar masa wurin girma. Wandon da ya ɗinka mini na aure har yau sai na naɗe shi sau biyu, kuma ni ba gajere ba ne. Ya cire igiyar awo daga wuya, ya ciro guntun alli daga aljihu, ya durƙusa da ƙyar yana nishi, ya auna daga tsakiyar taya ya yi baya, ya ci gaba da yin baya, ya shata layi a ƙasa. Kamu guda cif, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa.

Ba-Matsala ya sosa ƙeya ya ce, Baba, wannan ai ya yi yawa. Baba ya dube shi irin kallon da yake wa mai koyon ɗinki, ya ce abin da ya yi yawa ana iya ragewa, abin da ya gaza kuwa sai dai a jefar, shi kuma bai taɓa mayar wa mutum kaya ya matse shi ba. Bakaniken ya juyo ya dube ni, wai ko zan sa baki. Ni da aka kawo don turi? Na ɗaga kai ina karanta wata tsohuwar kalanda da ke rataye a jikin ginshiƙi.

"Ba matsala," in ji Ba-Matsala, amma a hankali ya faɗa.

Ashe ƙarfe ba yadi ba ne, in ka ƙara wuri ɗaya sai sauran jikin ya ce shi ma a ƙara masa. Mai walda ya yanke reshen biyu, ya jona musu sabon ƙarfe, ya ɗaɗɗaure da wasu faranti don kada ya karye. Da aka mayar da taya, sarƙa ba ta kai ba, sai da aka haɗa biyu aka yi ɗaya. Sandar birkin baya ita ma ta tsaya a rabin hanya tana kallon taya daga nesa, aka yi mata ƙari. Murfin taya kuwa ya zauna inda yake, yana rufe iska, tayar tana can bayan lambar babur ita kaɗai. Kullum in na tashi daga makaranta sai in tarar da Baba yana jirana mu je duba aiki, ni ne mai riƙe wannan, miƙo wancan, danne nan kada ya motsa.

A gida kuma ina ta kwana-kwana. Ranar da na dawo da baƙin mai a gwiwar wando, Gwamnati ta tambaye ni, na ce sarƙar kekena ce ta zame. Ta ce keken da ya wuni a tsakar gida tayarsa a sace? Na ce na wani abokin aiki nake nufi. Ta dube ni ta ce Allah ya ba abokin aikin lafiya, ta ci gaba da yanka albasa. Ban ji daɗin abincin ranar ba ko kaɗan.

Da aka gama, Ba-Matsala ya haɗa wasu wayoyi ya tayar da babur ba makulli, ya ce bari ya ɗana. Ya fita ta hannun dama. Muka jira, muka jira, har mai walda ya gama cin abincinsa ya wanke hannu. Can sai ga shi ya ɓullo ta hannun hagu, ta bayan kasuwar katako. Ya sauka ya ce gaba kam ko da gangan ba ya tashi, ya gwada. Sai dai babur ɗin yanzu yana son fili. Baba bai ji rabin maganar na biyu ba, yana can yana shafa sirdi yana murmushi.

Na sake turo shi gida, wannan karon ya fi nauyi, ga shi a kowace kwana sai na yi gaba na yi baya kamar mai juya gado a ɗaki. Da muka iso, babur ya ƙi shiga inda ya saba kwana. Kai ya shiga lungun ƙofa, tayar baya tana waje, ƙofa ta ƙi rufuwa. Baba bai damu ba. Ya shiga ciki ya fito da wani tsohon labule, ya lulluɓe abin da ya rage a waje, ya ce duk mai wucewa zai ɗauka shanya ce.

Asabar ta zo. An yi ruwa da asuba, layin duk ya yi taɓo-taɓo. Ƙannen matata suka hallara da 'ya'yansu, maƙwabta suka fito bakin ƙofa, don labari ya riga ya zaga. Baba ya fito cikin wankakkun kaya, hular kwano a kai, ya yaye labulen da kansa.

Babur ɗin ya zama kamar bencin makaranta da aka sa wa tayoyi. Autansu ne ya fara, ya tambaya ko katako Baba zai fara dako, daga nan kowa ya fashe, wata ƙanwar har da riƙe bango. Gwamnati kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta zagaya babur ɗin a hankali, kuma zagayen ya ɗauke ta lokaci. Baba ya riga ta magana, ya ce sharaɗi bai hana gyara ba, a tambayi kowa. Ta ce haka ne. Sannan ta tambaya, cikin sanyin murya, wa ya kai shi gareji alhali makulli yana jakarta.

Na zuba wa Baba ido ina roƙonsa a zuci. Shi kuwa ya dafa kafaɗata cike da alfahari.

"Ai mijin nan naki ɗan albarka ne. Shi ya tsaya a kan aikin tun daga farko har ƙarshe."

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Gwamnati ta ciro makulli ta miƙa wa Baba, ta juyo gare ni ta ce tunda na yarda da aikin har haka, sai in hau baya in raka shi. In lafiya, mu dawo tare, in akasin haka ma mu yi tare. Aka aro mini hular kwanon maƙwabci mai warin man gashi, aka kifa mini.

Na hau ina karanto duk addu'ar da na sani. Baba ya buga kik, inji ya ɗauka, ya sa giya, ya murɗa totur, ya saki kuloci a lokaci guda kamar yadda ya yi a danja. Na runtse ido. Babur ya yi wata girgiza, tayar baya ta yi ƙara a cikin taɓo, ta kwaso shi ta watsa mini tun daga ƙugu har ƙeya, amma ƙafar gaba ko gezau. Muka miƙe ɗoɗar. Na ji yara suna tafi a bayanmu, na ji Baba yana dariya a cikin hularsa, har ni ma na fara jin cewa wataƙila tsohon nan ya san abin da yake yi.

Sai ga ƙarshen layi, inda za mu juya. Baba ya karya kai iya karyawa, babur ya fara wata doguwar kwana ta ƙasaita, wadda ko rabi ba za ta kai ba kafin mu shige teburin mai kayan miya. Matar ta ɗaga faranti tana salati. Baba ya mayar da kai da sauri, muka bi ta gefen kwata, muka faɗa babban titi.

Na ce, Baba, an ce mu juya. Ya ce ya sani, wuri yake nema.

Muka wuce kantin magani, babu wuri. Muka wuce gidan mai, motoci sun cika shi. A kan tudun nan da ake yi don rage gudu, cikin babur ya daki siminti har haƙorana suka haɗu, sarƙa tana ta kaɗa ƙarfe kamar ana buga kwano. Duk kududdufin da muka shiga, kasona yana zuwa ta baya. Na lura kuma tun da muka taso Baba bai canza giya ba, inji yana ta kuka a ta ɗaya, masu keke suna wuce mu suna waiwaye.

A shataletale na ce alhamdu lillahi, ga wurin juyawa an gina mana. Muka shiga, muka zagayo, ga hanyar gida a gabanmu, sai wata motar haya ta tsaya a bakinta tana sauke fasinja. Tsayawa kawai ake buƙata a jira ta wuce. Baba bai tsaya ba, ya sake zagayawa. Muka dawo, wata ta maye gurbinta. Ya sake zagayawa. Mai sayar da jarida da ke tsakiya ya fara ɗaga mana hannu duk lokacin da muka zo wucewa. Ni kuwa jiri ya fara ɗibata, haushi kuma ya kawo mini wuya, na leƙa ta kafaɗarsa don in ga me ya hana shi tsayawa.

Hannunsa na hagu na gani. Yatsun suna kan kuloci, suna ta ƙoƙarin jawo shi, yana tahowa kaɗan sai ya kuɓuce ya koma. Hannun duka rawa yake yi.

Baba ya bar shataletalen ta wata hanya daban, muka gangara har wani filin ƙwallo da babu kowa. Nan ya taka birki, babur ya yi tsalle biyu ya mutu, na sa dogayen ƙafafuna na tare mu. Muka sauka. Ya cire hula ya zauna a kan wani dutse, ya ɗora hannun a cinya yana kallonsa, yatsun a lanƙwashe kamar har yanzu suna cikin almakashi.

Ya ce abin ya daɗe, tun kafin faɗuwar. Da safe yakan samu matsa ɗaya ko biyu masu kyau, daga nan sai hannun ya ce ya gaji. Shi ya sa yake fita da hantsi in titi ya yi sauƙi, yake bin hanyar da babu tsayawa sai danja ɗaya. Ranar nan danjar ce ta kama shi.

Gaskiya abin da ya fara zuwa mini haushi ne. Wato duk turin nan, da ƙaryar da na yi wa matata, da taɓon da ke gangara cikin rigata, mutumin nan ya san ba ƙarfe ne ba shi da lafiya ba. Na buɗe baki, kuma ina jin da na yi magana a lokacin da na faɗi abin da ba a faɗa wa suruki. Sai ya riga ni.

"Na ce ko in gaban ya daina tashi, ba za a lura da hannun ba," in ji shi. "In Gwamnati ta karɓe babur ɗin, Malam, ina za ni? In zauna a falo ina kallon bango?"

Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona. Na tsaya ina kankare taɓo daga gwiwar hannuna. Tura babur gida faɗuwa ce, kowa zai gani. Ni ban iya tuƙi ba balle in kai mu kusa mu yi musanya. Na dubi babur, na dubi tsohon, ɗan firit da shi, na dubi hannuna. Na ce masa ya hau mu gwada wani abu.

Na zauna a bayansa na matso sosai, na zura hannun hagu ta gefen haƙarƙarinsa, sai ga yatsuna a kan kuloci, har da saura. Na ce shi ya riƙe kai da totur da giya da birki, ni ya bar mini wannan, ya dinga gaya mini kawai. Baba ya ce ai ba a taɓa yin haka ba. Na ce ba a taɓa ƙara wa babur kamu guda ba ma.

Karon farko na saki da sauri, inji ya mutu. Karo na biyu ma haka, Baba ya ce wane irin malami ne ni da ba na jin bayani, a hankali ake yi, kamar ana sakin zare daga ƙwarya. Haka muka yi ta zagaya filin ƙwallo, yana cewa kama, ina kamawa, yana cewa saki, ina saki, haɓata a kan kafaɗarsa, ɗaya hannun na rungume cikinsa, mutumin da shekara da shekaru ko ido ban cika haɗawa da shi ba. Da muka shiga giya ta uku lafiya, sai da ya buga hon don murna.

Muka kamo hanyar gida ta doguwar hanya, wadda za ta shigar da mu layin a miƙe. A danja muka tsaya kamar mutanen kirki, muka tashi lami lafiya. Da muka kusa, Baba ya ce in janye hannuna kafin a hango mu. Ya ce hannunsa ya huta, yana jin akwai sauran matsa ɗaya a ciki, ita zai tsaya da ita a ƙofar gida. Na janye.

Suna nan tsaye inda muka bar su, sai dai yanzu babu mai dariya. Gwamnati tana tsakiyar layi, mayafinta a hannu, waya a kunne. Yara suka hango mu suka ruga da ihu. Baba ya rage gudu, ya miƙe zaune, ya kai yatsu kan kuloci ya ja. Ina kallo ya taho rabi, ya tsaya, ya fara komawa. Ga jikoki a gabanmu. Ban yi shawara da kowa ba, na miƙa hannu na ɗora a kan nasa na matse duka biyun, babur ya zo ya tsaya cak a gaban matata, inji yana aiki a hankali.

Ƙannen suka kaure da shewa, autan yana cewa Baba ya ci, a ba shi abinsa. Su fuskarsa suke kallo. Ita kuwa hannuwan take kallo, nawa a kan nasa, kuma na kasa cirewa don in na saki babur zai zabura. Ta daɗe tana kallo. Baba ya bi idonta ya ga inda ya sauka.

Ya kashe inji da kansa. Ya zare makullin da hannun hagun, bai ɓoye shi ba, ya miƙa mata, ƙarfen yana ta kaɗawa a tsakanin yatsunsa.

"Ungo," ya ce. "Kin fi ni gaskiya."

Na san matata, na ga haɓarta tana rawa, abin da ban gani ba tun rasuwar Mama. Ta sa hannu biyu ta kama nasa, ta naɗe yatsun a kan makullin ɗaya bayan ɗaya, ta riƙe su a haka.

"Sharaɗi dai an cika, Baba. Gaba bai tashi ba, kun kuma tsaya lafiya. Riƙe abinka."

Ta goge ido da bakin mayafi, sannan ta juyo gare ni, ina zaune taɓo har cikin kunne.

"Kai kuma ka je ka nemi a mayar da darasinka na safe zuwa rana. Da hantsi Baba yake fita."